Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Kurakuran Da Ke Mayar Da Ƙaramar Matsala Asara

A ƙauyukan Kano da Jigawa kwamfuta ɗaya kan ɗauki nauyin jama'a da yawa. Ita ce a shagon buga takardu, da ita ake duba sakamakon jarrabawa, a cikinta hedimasta yake ajiye makin ɗalibai, da ita kuma ake tura wa mutane karatu da wa'azi a waya. Ranar da aka danna ta ƙi tashi, aiki ya tsaya cak. Mai gyaran kirki ba a kusa yake ba. Mutumin Gaya ko Rano sai ya shiga Kano ya nufi Farm Centre ko Beirut Road, na Kafin Hausa ya nufi Haɗeja, na Kiyawa ya nufi Dutse. Kuɗin mota ya tafi, wuni ya tafi, kuma sau da yawa abin da ya hana ta tashi bai kai a bar gida dominsa ba. Abin takaicin shi ne, babbar asarar takan zo ne daga abin da aka yi mata bayan ta ƙi tashin.

Kuskuren farko tun kafin a taɓa komai ake yin sa: ba a tsayawa a ga inda ta maƙale. Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Sai wuta ta shiga tukuna. Daga nan wata ƙaramar manhaja da ke zaune a kan madabod, wato babban farantin ciki da duk kayan kwamfutar ke jone da shi, wadda ake kira BIOS, a sababbi kuma UEFI, ta gwada kayan ciki, ta nuna tambarin kamfani, ta nemo hadis (hard disk, ma'ajiyar Windows da takardu), sannan ta miƙa wa Windows ragama. Wadda ko ƙyallin fitila ba ta kawowa daban, wadda fanka ke juyawa amma allo ya zauna baƙi daban, wadda ta kawo tambarin HP ko Dell ta tsaya da wani rubutu daban, haka wadda ta kai ɗigo-ɗigon nan masu zagayawa na Windows ta kasa wucewa. Kowacce da inda ake nufa da ita. Saboda haka danna ta sau ɗaya kawai, ka sa ido, ka kasa kunne. Fitila ta kama? Fanka ta motsa? Ta yi ƙara, sau nawa? In rubutu ya fito, ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Masu danna maɓallin kunnawa sau ashirin a jere cikin fushi ba abin da suke ƙara mata sai wahala.

In ko motsi ba ta yi ba

Nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Kwamfutar da ba ta nuna alamar rai, kafin a zarge ta a fara zargin abin da ke kawo mata wuta. Soket ɗin yana aiki? Jona cajar waya ka gani. Doguwar wayar nan ta raba wuta da ake saya da araha a kasuwar ƙauye, ramukanta kan saki bayan 'yan watanni, sai a jona caja kai tsaye a bango ko a jikin inbata. Sannan a duba ita cajar. Yawancinsu suna da 'yar fitila. In fitilar ba ta kama ba ko da ba a jona ta da laftof ba, to caja ce ko igiyar da ke shiga cikinta, kuma wannan igiyar a kan saye ta ita kaɗai. In kuwa fitilar tana kamawa amma da zarar an soka a laftof sai ta mutu, a zare nan take: alama ce ta cewa wuta tana haɗuwa a cikin madabod ko a bakin caji, wannan kam aikin mai gyara ne.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne aron caja. "Ai bakinta ya shiga" ba hujja ba ce. Juya cajarka ka karanta abin da aka rubuta a bayanta, ka kuma duba ƙasan laftof ɗin. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo 20V, Acer da Asus da Toshiba galibi 19V. Akwai kuma ƙarfin cajar, 45W ko 65W ko 90W. Mai ƙarfi fiye da buƙata ba ta da illa in sauran sun dace, amma ƙarama ba za ta ɗauki babbar laftof ba. Babban bakin HP da babban bakin Dell girmansu ɗaya, kowanne zai shiga ramin ɗan'uwansa, sai dai siririyar allurar da ke tsakiya ita take gaya wa laftof irin cajar da aka jona. Shi ya sa Dell kan tsaya tun wajen tashi ta yi ƙorafin ba ta gane cajar ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. In allurar ta lanƙwashe ko ta karye, haka za ta yi ko da cajarta ce ta asali. Caja mai baki goma wadda ake murɗa mata lamba kuwa, ni dai ba na ba kowa shawarar ajiye ta a shagon da yara ke shiga. Yaro ɗaya ya murɗa ta zuwa 24V, an gama.

Akwai wani gwaji da ba ya cin ko kwabo, amma mutane kan tsallake shi su tafi birni. Zare caja, cire batir in mai cirewa ne, zare duk abin da ke jone da ita, filash da firinta da linzami, sannan ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 15 zuwa 30. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki. Sai ka jona caja kawai ba batir, ka kunna. In ta tashi, mayar da batir ka sake gwadawa. In ta sake ƙi, ka kama mai laifi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin linzami ko ya buɗe bakin murfi, kada a matse shi, kada a huda shi, kada a ci gaba da cajinsa. Yana iya kamawa da wuta.

Masu kwamfutar tebur 'yar hannu, wadda aka shigo da ita daga waje, su leƙa bayanta kusa da inda igiyar wuta ke shiga. Wasu tsofaffi suna da wani ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce, Amurka kuwa ta ƙasa suke amfani da ita. In yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za ka ji da ƙaurin ƙuna. Kuma kada wanda bai ƙware ba ya buɗe akwatin wutar nan na cikin kwamfutar tebur, domin yakan riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.

Maganar janareta gajeriya ce. Kada kwamfuta ta kasance a jone lokacin da ake tayar da shi, ko lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari. A bar shi ya daidaita tukuna. Haka in an kawo wuta bayan kwana da kwanaki, a ɗan jira a ga yadda ƙwan fitila yake. Da damina kuma in hadari ya haɗo ana walƙiya, kashe soket bai wadatar ba, a zare.

Tana aiki, allo baƙi

Fanka na juyawa, fitila ta kama, amma ba a ganin komai. Da yawa nan take suke yanke hukuncin allo ya mutu, har su fara tambayar kuɗin sabo. Ɗauki tocilan waya ka haska allon a karkace, ka matso da ido sosai. In ka hango hoto dishi-dishi, kwamfutar ta tashi, hasken bayan allon ne ya ɗauke, ko kuma wani ya rage haske har ƙasa. In akwai talabijin mai ramin HDMI a gidan ko a gidan kallon ƙwallo, jona ka gani. Hoto ya fito a talabijin, matsalar tana allo ko siririyar wayar da ta bi ta maƙalar murfi, wadda kan tsinke saboda yawan buɗewa da rufewa, musamman ga masu ɗaga laftof ta kunne ɗaya.

In talabijin ma bai nuna komai ba, sai a koma kan ram, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke maƙale a madabod. Laftof ɗin da ke yawo a jaka a bayan babur kan hanyar burji, ga kuma ƙurar hunturu, ba abin mamaki ba ne ram ya ɗan saki a mazauninsa. Kwamfutar ma takan faɗa da bakinta, mu ne ba ma saurare. A Dell da yawa ƙara biyu na nufin ba ta ga ram ba, ƙara biyar kuma ƙaramin batirin madabod ne. HP takan yi amfani da ƙiftawar fitilar maɓallin Caps Lock. Ma'anar lissafin ta bambanta daga samfuri zuwa samfuri, don haka ƙirga sosai ka nemi bayanin samfurinka a shafin kamfanin ta waya.

Gyaran ram ba wuya, amma a nan ma ana ɓarna. A zare caja da batir tukuna, ba a taɓa cikin kwamfuta da wuta a jikinta. Taɓa wani ƙarfe, kamar ƙofa, kafin ka sa hannu, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe har mayafi ke tartsatsi; wannan 'yar wutar ta jiki ta isa ta kashe ram. Buɗe 'yan ƙarafan gefe biyu, ram zai ɗago da kansa, riƙe shi ta gefe. Goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir mai tsabta, a hankali. Ba da reza ba, ba da yashi ba, ba da fetur ba, duk ana yi. Mayar da shi a karkace har ya zauna, ka danna ya yi ƙas. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Rubutun da ba a karantawa

Kwamfuta ta kawo tambari, ta tsaya da rubutun Turanci, sai a ce ta lalace. Alhali rubutun nan shi ne rabin gyaran. In HP ta nuna lamba 502 tare da kalmar CMOS, ko Dell ta ce a saita lokaci da kwanan wata, ko kullum agogonta yana komawa shekarun baya, ƙaramin batirin madabod ne ya ƙare. A kwamfutar tebur batir ne mai faɗin kwabo, CR2032, mai 3V, irin wanda masu gyaran agogo kan sayar. A laftof sau da yawa an naɗe shi a leda da 'yar waya. Tun da yawancin kwamfutocinmu sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, wannan batir ya riga ya tsufa tun ranar da aka saya. Lamba 601 a HP babban batir take nufi, 90B kuma fanka ce ba ta juyawa yadda ya kamata. Ita wannan ta ƙarshen kada a riƙa danna Enter ana wucewa kullum.

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke cewa "No bootable device" ko "Boot device not found", a HP har da lamba 3F0. Ma'anarsa ba ta ga inda za ta ɗauko Windows ba. Kafin komai, duba ko an manta filash ko katin waya a jikinta. A shagon tura waƙoƙi da finafinai wannan kullum ne: kwamfutar ta nemi tashi daga filash ɗin wani, ba ta samu komai ba, ta tsaya. Zare, sake kunnawa. In bai yi ba, shiga BIOS ka ga ko tana ganin hadis ɗin. A HP ana danna Esc ko F10 da zarar an kunna, a Dell da Acer F2, a Lenovo F1 ko F2. Kuma HP da Dell suna da gwajin kansu a ciki, wanda ba ya buƙatar Windows: F2 a HP, a Dell kuma F12 sannan a zaɓi Diagnostics. Zai gwada hadis da ram ya ba ka lamba.

Sai dai shiga BIOS gani ake yi, ba taɓe-taɓe ba. Saurayi ya kalli bidiyo ɗaya a YouTube, ya shiga ya sauya UEFI zuwa Legacy, ya juya AHCI, ya kashe wancan ya kunna wannan, bai rubuta yadda ya same su ba. Windows da aka ɗora a kan tsari ɗaya ba za ta tashi a ɗayan ba, ko da lafiyarta ƙalau. Mutuwar ƙaramin batirin nan ma kan jawo haka, domin saitin yakan koma na kamfani. Ɗauki hoton kowane shafi kafin ka sauya komai, kuma abu ɗaya ake sauyawa a gwada. Kalmar sirri ta BIOS kuwa, in ba dole ba a bar ta. A laftof da yawa cire batir ba ya goge ta.

In kana jin hadis yana ƙas-ƙas-ƙas, kashe ta. Tsohon hadis faifai ne mai juyawa da allura a kansa, kowace kunnawa tana iya ƙara karce inda takardunka suke. Bubbuga shi ko sa shi a firij ba gyara ba ne.

"Oga, sai dai a yi fomatin"

Wannan ita ce maganar da ta fi cinye wa mutane dukiya. Fomatin ba ya gyara caja, ba ya gyara ram, ba ya tayar da hadis da ya mutu. Abin da yake yi tabbas shi ne share abin da ke kan ɓangaren da aka yi wa. Ana yawan zaɓarsa ne don ya fi sauri ga mai gyara, ba don ya fi alheri ga mai kaya ba. Malamin da ya tara makin zango uku, ɗalibar da ke rubuta aikinta na kammala karatu, mai shagon da ke da tsarin katin biki da takardun shaida na shekaru, duk sai bayan an gama suke tambaya, "To ina kayana?"

Windows 10 da 11 suna da hanyar ceto a cikinsu. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, da kanta takan kawo shuɗin shafin gyara. In ba ta kawo ba, kunna ta, da ka ga ɗigon Windows sun fara zagayawa ka danne maɓallin har ta mutu, ka maimaita. Wannan na cikin 'yan wuraren da kashe ta da ƙarfi yake da dalili. A shafin zaɓi Troubleshoot, sannan Advanced options. Fara da Startup Repair. In matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, akwai Uninstall Updates. Akwai System Restore mai mayar da saiti baya ba tare da taɓa takardunka ba. A Startup Settings kuma lamba 4 tana kai ka Safe Mode, inda za ka iya cire manhajar da ta jawo rikicin ko ka kwashe kayanka a filash. Masu bugun F8 tun zamanin Windows 7 su sani a sababbin ba ya aiki haka nan. A kula da Reset this PC: zaɓi biyu ne, ɗaya yana barin takardu ya cire manhajoji, ɗayan yana share komai, kuma ana danna na biyun cikin gaggawa.

Ko duk wannan ya ƙi, takardunka suna nan a kan hadis matuƙar shi bai mutu ba. Ana ciro shi a sa a ɗan akwatin USB a jona da wata kwamfuta a kwashe. Don haka kalmar da za ka fara gaya wa mai gyara ita ce, "Malam, a kwashe min kayana tukuna, a gabana." Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Abu ɗaya ne kan tare hanya, wato BitLocker, makullin da wasu sababbin kwamfutoci ke zuwa da shi a kunne. In ya motsa zai nemi lambobi 48, kuma galibi suna ajiye ne a asusun Microsoft da aka shiga da shi ranar da aka saita kwamfutar. In a shago aka saita maka da imel ɗin wani, tun yau da take lafiya ka nemo lambobin ka rubuta a takarda.

Wani abin da ke kai mutane ga fomatin shi ne rashin haƙuri da sabuntawa. Allo ya ce kada a kashe, batir saura kaɗan, mai janareta zai tashi, sai a danne maɓalli. A tsohon hadis sabuntawa kan ɗauki awa guda ko fiye, lambar ma ta tsaya wuri ɗaya kamar ta mutu. In fitilar hadis tana ƙiftawa, aiki take yi. Kada a fara sabuntawa sai da rana tsaka in sola ce, ko lokacin da aka tabbatar da mai a janareta. Kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, an shiga yayin cusa Windows 11 a kan kowace tsohuwar laftof. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da ram aƙalla 4GB da injin sarrafawa (furosesa) da ba tsoho sosai ba. Ana iya zagaye sharuɗɗan, amma kwamfutar da ake cin abinci da ita ba wurin gwaji ba ce.

Sai wadda ke tashi ta yi 'yan mintoci ta ɗauke. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a yankinmu, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan iska, sannan a ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Injin in ya yi zafi kashe kansa yake yi don kada ya ƙone. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta. A share ramukan da burushi mai laushi. In za a hura da bulowa, a tare fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa da ƙarfi. Kwamfutar tebur da ta daɗe a ajiye a buɗe gefenta a leƙa, kyankyasai da tururuwa suna son ɗumin ciki, ɓera kuma yana son wayoyi.

In shayi ko ruwa ya zube a kai, kuskuren shi ne kunnawa "don a ga ko tana yi". Kashe ta nan take, zare caja da batir, kifa ta a buɗe, a bar ta a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Ba a shanya ta a rana, binne ta a buhun shinkafa kuma ba ya cire sukarin da ya bushe a kan madabod. Mai zaƙi sai an buɗe an wanke da sinadarin masu gyara.

In dai tafiya birnin ta zama dole, tafi da cajar da kake amfani da ita, ba laftof kaɗai ba, da hoton rubutun da ta nuna, da filash ko hadis na waje da zai ɗauki kayanka. Kafin ka miƙa, rubuta girman ram da na hadis da lambar da ke ƙasan kwamfutar, ku duba tare da mai shagon. Gaya masa abin da ya faru daf da ta ƙi tashi, ko faɗuwa ta yi, ko wuta ce ta yi sama, ko wani ya buɗe ta, kada kunya ta sa ka ɓoye. Ku yi ciniki kafin ya kwance ƙusa ɗaya, kuma duk abin da ya ce ya sauya, ya ba ka tsohon ka taho da shi.